Takalmin Intabiyu

"Lafiya lau, Tsoho. Ya ƙarfin jiki, in da sauransa?"

"Da sauransa, har ina ba samarin unguwarku aro. Shigo, Amarya. Yajin ne ya ƙare kika dawo ɗakinki?"

Aku ake ce mata a gida, domin tun tana ƙarama in ta buɗe baki sai an haɗa ta da Allah kafin ta rufe. Yanzu tana jami'a, tana karatun injiniyan lantarki, kuma gobe da safe za ta je intabiyu a wani kamfani mai haɗa wutar sola, inda take neman gurbin sanin makamar aiki. In ba ta samu gurbi a wannan zangon ba, sai dai ta zauna ta jira baɗi, 'yan ajinsu su wuce su bar ta. Kakanta na wajen uba ta tarar a baranda, a kan kujerar roba, rediyo a cinya, kofin shayi a ƙasa. Tsohon masinjan ofis ne, ya daɗe da yin ritaya. Makon jiya ta ba shi takalminta na fita, wanda dunduniyarsa ta ɓalle, ya kai wa mai gyaran takalman da suke hira kullum a bakin titi.

"Takalmina na zo karɓa," in ji ta, ta ajiye jaka a kan benci.

"Haka ake shiga gidan miji? Ba sannu da hutawa, ba ga ɗan abin taɓawa, sai takalmi?"

"Wane hutu zan yi maka sannu da shi? Kai da hutun ma ya gaji da kai."

"Ji bakinta. Wannan bakin za ki kai musu gobe?"

"Shi zan kai. Ba ni takalmina in tafi, ina da bita."

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ki sani ba yau, ba gobe za ki san shi ba. Amma kin yi sa'a, Allah ya haɗa ki da masani. Duk wanda aka ɗauka aiki a ofishinmu ta gabana ya wuce."

"Dole ya wuce ta gabanka, tunda a bakin ƙofa kake zaune."

"Bakin ƙofar manaja. Ki riƙa cika magana. Ni da manaja bango kawai ya raba mu."

"Da albashi."

"Da albashi," ya yarda. "Amma shi hawan jini ya tafi da shi, ni ga ni ina shan shayi. Yanzu wa ya ci riba?"

Ya kashe rediyon, ya jawo ɗan teburin da yake ajiye magungunansa ya girke a gabansa, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya haɗe rai.

"Fita ki sake shigowa. Ki ƙwanƙwasa."

"Ba ƙofa a barandar nan, Tsoho."

"Ƙwanƙwasa ginshiƙi. In kin ci jarrabawata, takalmi ya fito. In kin faɗi, ki je musu da silifas ɗin banɗaki."

Ta san halinsa sarai, in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Ta koma bakin baranda, ta ƙwanƙwasa ginshiƙi.

"Wane ne?"

"Mai neman aiki."

"Manaja ya fita. A dawo gobe."

"Tsoho."

"Haka ake yi. Ina gwada haƙurinki ne. Shigo. Tsaya, ina jaridarki?"

"Wace jarida kuma?"

"Mai neman aiki ba ya shiga ofis hannu rabbana. Jarida a hammata, biro uku a aljihu, sannan ki yi gyaran murya kafin ki zauna. In suka ga biro uku sun san ba da wasa kika zo ba."

"Za su ɗauka biro nake sayarwa. Wannan dabarar tun zamanin da ake lasar kan sarki a manna a wasiƙa ce. Yanzu a waya ake aiko da komai."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"In ba ta zama kakide ba."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya dube ta ta saman tabarau, ya sauya murya, ya mai da ita ta manya.

"To, Malama, faɗa mana, mene ne babban rauninki?"

Wannan tambayar kam ta shirya mata. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya, ta karanto abin da ta haddace. "Babban raunina shi ne ina son aiki fiye da kima, har nakan manta da hutu."

Tsoho ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Sai da ta miƙa masa kofin shayin ya kurɓa, sannan ya samu numfashi.

"Ke? Ke da uwarki take yayyafa miki ruwan sanyi kafin ki tashi? Ashe masu neman aiki ma sun fara kasuwancin ƙarya."

"Haka aka ce a faɗa. A waya na karanta."

"To duk wanda zai zo gobe wayar nan ya karanta. Manaja zai ji mutum bayan mutum, kowa ciwonsa son aiki. Sai ya ɗauka annoba ce ta shigo gari."

"Kai da ka fi kowa sani, me ka ce musu ranar taka intabiyun?"

"Ni ba a tsaya ɓata mini lokaci ba. Keke aka nuna mini, aka ce, ka iya? Na ce tun a ciki nake tuƙa shi. Aka ba ni wasiƙa aka ce in kai gidan waya."

"Ka iya ɗin?"

"Ban taɓa hawa ba. Da na sha kwana sai na sauko da ƙafa ɗayar da na ɗora, na tura shi da hannu har can, na turo shi na dawo. Manaja ya ce bai taɓa ganin masinjan da yake lallaɓa keke kamar ni ba."

"Ashe da ƙarya ka fara cin abinci, kake yi wa tawa dariya. Gwano ba ya jin warin jikinsa."

"Ba ƙarya ba ce, alkawari ne. Na ce na iya, kuma daga baya na iya. Tambaya ta gaba. Ina kike ganin kanki nan da shekara biyar?"

"A gidan nan. Na yi wa ɗakinka fenti, na sa masa fanka, na zuba 'yan haya."

"Ni kuma ina kika kai ni?"

"Ka fi ni sanin inda tsararrakinka suke."

"Tsararrakina ragwaye ne, ɗan zazzaɓi kaɗan sai su miƙe ƙafa. Ni sai na ga jikokinki, in auri ta fari."

"Ka cinye zamaninka, ka cinye na 'ya'yanka, yanzu ka sa cokali a namu. Na ci jarrabawar, ba ni takalmina."

"Saura tambaya. In manaja ya aike ki sayen..."

"Injiniya za su ɗauka, ba masinja ba."

"To in ya ce ki bayyana masa yadda rana take shiga cikin waya ba ta ƙone ta ba?"

Aku ta tsaya ta dube shi. Tun zuwanta ba ta ga leda ko kwali a kusa da shi ba, kuma duk sanda ta ambaci takalmi sai idonsa ya koma kan rediyo. Ruwa ba ya tsami banza.

"Tsoho, ina takalmina?"

"Yana wuri mai tsaro."

"Ina ne wuri mai tsaro?"

"Cikin akwatin mai gyara. Akwatin ƙarfe ne, da kwaɗo babba. Ko ɓera ba zai taɓa shi ba."

"To mu je ya buɗe."

Tsoho ya cire tabarau, ya shiga goge shi da bakin riga. "Matsalar ita ce makullin ya yi tafiya."

"Makullin."

"Tare da mai shi. An yi masa haihuwa a ƙauyensu, yau da asuba ya hau mota. Ya ce ba zai daɗe ba, mako ɗaya ko biyu."

"Tun makon jiya na ba ka takalmin nan. Mako guda bai ishe shi manna dunduniya ba?"

"Zai ishe shi, da a ce tun makon jiya ya gan shi." Ya sosa ƙeya. "Ƙarƙashin gado na tura shi don kada kyanwa ta yi wasa da shi. Jiya ina neman murfin rediyo na ci karo da shi, na kai masa."

"Shi ya sa ka sa ni ƙwanƙwasa ginshiƙi."

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, Amarya."

Ya jira ta zazzage masa kwandon magana, har ya gyara zama don ya tare. Ita kuwa sai ta zauna a kan benci, ta zuba wa silifas ɗin ƙafarta ido. Shirun Aku ba abu ne da aka saba ji a gidan ba, ya fi zaginta tayar wa Tsoho da hankali.

"Ke, takalmi ne fa, ba ƙafa ba. Yi magana mana."

"Ka tuna kamfanin da na je kwanakin baya, na dawo na ce muku sun cika?"

"Na tuna. Har na ce asararsu."

"Ba cika suka yi ba. Na shiga na tarar da mutum uku a bayan tebur. Suka ce in gabatar da kaina. Na faɗi sunana, na sake faɗin sunana, shi ke nan harshena ya manne. Ina jin ƙarar fanka, ina ganin bakinsu yana motsi, na kasa haɗa kalma biyu. Ɗaya daga cikinsu ya ce in je, za su neme ni." Ta ja numfashi. "Ko Mama ban faɗa wa ba. Wannan na gobe shi ne na ƙarshe da ya rage. Na ce ko ba komai in shiga da shiga mai kyau, ko zan ji ƙwarin gwiwa."

Tsoho ya mai da tabarau cikin aljihu, ya jawo takalminsa da ƙafa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe a gida ne kike aku, a waje kifi. Ni kaɗai aka raina kenan. Shekara da shekaru ina shan baki, ashe akwai masu maganinki a gari ban sani ba. Da na ɗauko su haya."

Dariya ta kuɓuce mata, duk da idonta ya ciko.

"Tashi mu je kasuwa," ya ce, yana lalubar sandarsa. "Wanda ya ɓata shi yake gyarawa."

"Da wane kuɗin? Kai da kullum kake kukan fansho."

"Kukan na jama'a ne, aljihun nawa ne. Ba a nuna wa mace gindin tukunya."

Layin masu takalma bai da nisa, amma tafiya da Tsoho sai an yi haƙuri, domin duk wanda ya gani sai ya tsaya ya shaida masa cewa amarya ce ta tasa shi gaba za ta talauta shi. Suka tsaya a wani ɗan shago mai rufin kwano, takalma jere a kan katako har sama, ƙaramar fanka a rataye ba ta juyawa. Mai shagon magidanci ne mai fara'a. Ya ba Tsoho kujera, ya ce Hajiya ta duba.

Tsoho ne ya riga ta dubawa. Ya nuna wani ja mai ƙyalƙyali da tsinin dunduniya. "Ga shi can. In kika shiga da wannan, ko ba ki yi magana ba sun san an zo."

"Wurin aiki zan je, ba wurin rawa ba."

"To ga na injiniyoyi." Ya zaro takalmin roba mai tsawo har gwiwa, irin na masu aikin kwata.

"Wannan ka saya wa kanka, ka riƙa zuwa neman murfin rediyo da shi."

Mai takalma yana ta dariya. Tsoho ya juya gare shi. "Kana ganinta nan, matata ce. Na gaji da ciyar da ita, gobe za ta je neman aiki wurin masu wutar sola. Sai dai tana da lalura, in ta ga baƙo sai ta koma kifi. Taimaka ka yi mata tambaya, mu ga ko za ta yi motsi."

Aku ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta harare shi, shi kuwa ya kau da kai yana duba ɗinkin wani takalmi.

"Ai kuwa Baba, faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji mai takalma. "Ina da tambaya ta gaske. Hajiya, ɗan farantin sola na sa a saman shagon nan, saboda ƙwan lantarki biyu da fankar can. Da farko lafiya lau. Yanzu kafin la'asar batir ya mutu, kin ga fankar ma ta tsaya. Wanda ya haɗa mini ya ce sai na sayi sabon batir. In saya?"

Ya zuba mata ido yana jira. Nan take ta ji abin nan ya dawo. Duk abin da ta sani ya tattara ya bar kanta.

"E to," in ji ta. "Wato, shi batir... wato..."

"Bar ta, ni zan amsa maka," Tsoho ya karɓe. "Ba laifin batir ba ne, ranar ce ta lalace. Ranar zamaninmu in ta fito, ƙwai za ka soya a kan dutse. Ta yanzu kuwa duk an tsotse ta. Kowane gida ya kafa faranti yana zuƙa, ina za ta kai? Kafin ta iso layinku saura ɗiɗɗiga. Shawarata, ka riƙa fitowa da farantin da asuba, ka riga maƙwabta ɗiba."

Mai takalma ya ɗan gyaɗa kai. "Ka san kuwa Baba, farantan sun yi yawa a layin nan."

"Tsoho, don girman Allah," in ji Aku. "Malam, kada ka saurare shi. Ba a tsotse rana. Ina farantin yake?"

Ba ta jira amsa ba, ta fita tsakiyar layi, ta kare ido da hannu ta dubi rufin. Farantin yana kwance a gefen kwano, kuma maƙwabcinsa tela ya kafa sabon allon talla mai tsawo daf da shi. Inuwar allon ta rufe kusan rabin farantin.

"Yaushe aka kafa allon can?"

"Bai daɗe ba. Ina jin wata biyu."

"Yaushe wutarka ta fara mutuwa da wuri?"

"Ai kuwa tun lokacin ne," in ji mai takalma, ya fito shi ma ya ɗaga kai.

"Ka ga ƙananan gidajen nan da ke jikin farantin?" in ji ta. "A jere aka haɗa su, kamar mutane sun yi layi suna miƙa wa juna bokitin ruwa. In ɗaya ya tsaya, duk layin ya tsaya. Inuwa ko ta tafin hannu ce tana rage wuta sosai, balle wannan. Daga tsakar rana batirinka kusan ba ya samun komai. Ka sa a matsar da farantin can ɗaya gefen, a ɗan karkata shi, a goge shi da tsumma mai laushi. Sannan me da me kake jonawa?"

"Ƙwai biyu da fanka. Sai wayoyin 'yan layi, in sun kawo caji."

"Wayoyi nawa?"

Ya yi murmushin jin kunya. "Ba a ƙirga alheri, Hajiya."

"To batirin yana ƙirgawa. Ban ce lafiyarsa ƙalau ba, mai yiwuwa ya jigata, sai an auna shi. Amma in ka sayi sabo ka bar farantin a inuwa, an sayar da kare an sayi biri. Ka fara da abin da ba zai ci maka kuɗi ba."

Sai da ta kai aya ta lura tela ya bar kekensa ya fito yana saurare, da wata mata mai goyo da ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Kunya ta dawo mata, amma a makare.

"Baba, wannan ce kifin?" in ji mai takalma.

"Ni na koya mata. Duk abin da ka ji a gida take ɗauka."

"Kai da ka ce an tsotse rana," in ji Aku.

"Tarko na ɗana miki, kika faɗa."

"Ƙarya kake, har zuciyarka ka yarda da maganar."

"To ke ki rantse ranar yanzu ta kai ta da zafi."

Ta dube shi da kyau, ta kasa gane ko da gaske yake. Ta zaɓi baƙin takalmi mara tudu, mai rufaffen gaba, ta gwada, ya zauna mata daidai. Tsoho ya juya wa kowa baya, ya tura hannu can cikin aljihun 'yar ciki, ya daɗe yana lalube yana ƙorafin cewa matan yanzu ba tausayi. Mai takalma ya yi musu ragi, Tsoho ya ce ragin na kwarjininsa ne, Aku ta ce na tausayin tsufansa ne. Suka rabu a mararraba, ita ta nufi gida da leda a hannu, shi yana ɗaga murya yana tuna mata biro uku.

Washegari, rana ta ɗaga sosai kafin ta fito daga ƙofar kamfanin. Ta tsallaka titi za ta nemi mota, sai ta ji an yi gyaran murya daga rumfar wani mai shayi. Tsoho ne zaune a kan benci, cikin babbar rigarsa ta zuwa taro, sanda a tsakanin gwiwoyi.

"Me kake yi a nan?"

"Zama. An hana? Yaya, kifi ko aku?"

Ta zauna a gefensa, ta sassauta takalmin da ya fara cizon ta a dunduniya. "Da farko kifi. Suna cewa in gabatar da kaina, na ji harshen ya tafi. Sai na ce musu, ku yi haƙuri, tsoro nake ji, ku ba ni ɗan lokaci. Matar da ke tsakiya ta turo mini ruwa, ta ce ita ma ranar tata sai da ta manta sunan makarantarsu. Na sha. Suka ajiye mini hoton wani rufi, suka ce ina zan sa faranti. Daga nan ban san sanda na fara ba. Har sai da ɗayansu ya ɗaga hannu ya ce ya isa haka."

"Allah sarki, bawan Allah. Na san abin da ya ji." Ya matso. "Sai suka ce me?"

"Sun ce in zo farkon wata."

Tsoho ya dubi titi, ya dubi sandarsa, ya ciro hankici ya fyace hancin da ba abin da ya same shi.

"Kuka kake yi?"

"Hayaƙin mai shayi ne. Kuma kada ki ɗauka don ke na zo. Aski na zo yi, an ce mai askin unguwar nan ya fi namu hannu."

Aku ta miƙa hannu ta ɗage hularsa. Kan nan sumul yake, yana ɗaukar ido kamar an goge tangaran.

"Da wane gashin?"

Mai shayi ne ya fara fashewa da dariya, har ya zubar da ruwan zafi a kan tebur. Tsoho ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya gagara. Ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa, ya fizge hularsa ya mayar.

"To, kin kayar da ni, bayana ya taɓa ƙasa. Tun kafin su buɗe ƙofa nake nan. Har mai gadinsu ya zo ya tambaye ni ko ni ma aikin nake nema."

"Me ka ce masa?"

"Na ce in akwai keke, na iya." Ya matsa ya ba ta wuri sosai a kan bencin, ya buga sandarsa a ƙasa. "Mai shayi, haɗa wa Injiniya mai kauri. Ka cika madara, mijinta ne zai biya."